Tanderun Matafiyi

An ce sunan Kontagora daga "kwanta gora" ya samo asali, watau inda Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya yada zango ya sauke goransa. Matafiyan wancan zamani ba su san gashin gurasa a hanya ba, domin tanderun laka ya fi ƙarfin jaki. Guzurinsu kilishi ne da dakuwa.

Yau kuwa Turawa masu kwanan daji suna da tanderun ƙarfe mai naɗewa, a cusa shi a jaka, a ɗora kan risho. Abin sha'awa ne, amma kuɗinsa ba na talaka ba ne, kuma in mai ya ƙare a dokar daji sai kallo.

To, dabarar matan garin nan ta fi dacewa da matafiyi. Su kan zuba busasshen yashi a gindin tukunya, su ɗora gwangwanin kwaɓi, su rufe, sa'an nan garwashi sama da ƙasa. Na sama ya kamata ya fi yawa, in ba haka ba gindi ya ƙone, ciki na ɗanye. Tukunya kaɗai matafiyi zai ɗauka, yashin kuwa ya ɗiba a bakin rafi.