Mai Jinya Ma Yana Da Haƙƙi



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan'uwana matasa, idan muka je gaida mara lafiya, shi muke tambaya ya jiki, mu yi masa addu'a, mu tafi. Da wuya wani ya juya ga wadda ke zaune a bakin ƙofa ya ce mata, "Ke fa, yaushe rabonki da barci?" A kan waɗannan bayin Allah nake son mu yi tunani yau, musamman masu jinyar wanda ya kamu da nau'in taɓin hankalin da likitoci ke kira sikizofiriniya.

Ciwo ne da ya fi kama mutum yana tashen ƙuruciya, daga ƙarshen shekarun balaga zuwa kusan talatin. Mai shi yakan ji muryoyin da babu wanda ke jin su sai shi, ya yi imani cewa ana bin sa ko ana zuba masa guba a abinci, zancensa ya riƙa warwatsewa. Akwai kuma ɓangaren da ya fi gajiyar da mutanen gida: ya daina wanka, ya daina fita, ya wuni yana kallon bango, har a ɗauka ƙyuya ce. A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, kusan mutum 1 cikin 300 ne ke fama da shi, kuma aƙalla 1 cikin 3 na masu ciwon kan samu cikakken sauƙi. Ke nan gari kamar Yelwa ba zai rasa gidaje masu yawa da ke cikin wannan hali ba, ko da yake kowane gida gani yake shi kaɗai ne.

A ƙasar Yauri nauyin ya ninka. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da mutanenmu suka fi sani yana Kware, gaba da Sakkwato. Daga Yelwa sai an bi ta Koko da Jega da Tambuwal, wuni guda a mota, da mutumin da ba lallai ne ya yarda ya zauna ba. Wanda ya fito daga Wara ko wani gungu na tafkin Kainji kuwa, sai ya fara da jirgin ruwa ko doguwar hanya kafin ya kama titi. Kuɗin mota na mutum biyu ko uku, kuɗin magani na wata-wata, ga gona ko kamun kifi da aka bari. Bayan an dawo, aikin yakan koma kan mace ɗaya: uwa, ko mata, ko yaya. Ita ce mai ɓoye wuƙaƙe da ashana, ita ce mai ba maƙwabta haƙuri, ita ce ba ta zuwa biki ba ta zuwa ta'aziyya. Kuma ba ta faɗa wa kowa, domin akwai 'yan mata a gidan, ana tsoron a ce gidan masu hauka ne manema su gudu.

A ajin matan aure da nake koyarwa na fara lura da wannan. Akwai ɗalibai uku da ba sa cika mako ba su yi fashi ba, kuma in sun zo sai gyangyaɗi. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar larurarsu iri ɗaya ce, suna zama a tabarma ɗaya, amma babu wadda ta san halin da 'yar'uwarta ke ciki. Da na ce me zai hana su zauna tare su tattauna, babbarsu ta ce, "Malama, ai wannan tonon asiri ne. Kuma in na buɗe baki na yi ƙorafi, ina ladan haƙurina?"

Tambaya ce ta mai tsoron Allah, don haka ta cancanci amsa ta ilimi. Imam Nawawi, a babin da ya ware cikin Riyadus Salihin, ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum a bayan idonsa ba ya zama giba haramtacciya, daga ciki akwai neman fatawa da neman taimako don gyara. Cikin hujjojinsa akwai Hindu bint Utba, wadda ta kai wa Manzon Allah (SAW) maganar maƙon mijinta, bai tsawata mata ba, sai ya nuna mata mafita. Balle ciwo, wanda ba aibi ba ne, tunda shari'a da kanta ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Haƙurin da aka yi umarni da shi kuwa, shi ne barin fushi da hukuncin Allah. Faɗin cewa an gaji bai rushe shi ba: Nana A'isha (RA) ta koka da ciwon kai a gaban Annabi (SAW), shi ma ya ambaci nasa. Kuma Salmanul Farisi ya tuna wa Abud Darda'i cewa kansa ma yana da haƙƙi a kansa, Annabi (SAW) ya gaskata shi. In an faɗa wa mai raya dare da sallah haka, ina ga mai raya dare da gadi?

Su ma likitoci sun daɗe da gane cewa halin da gida ke ciki yana shafar mara lafiya. A Landan, George Brown da abokan aikinsa, sannan Vaughn da Leff a 1976, sun bi marasa lafiyan da aka sallama daga asibiti. A gidajen da ake yawan faɗa da gori, ko kuma kafa-kafa da ta wuce kima, kusan rabinsu ciwon ya dawo musu cikin wata 9. A gidajen da ke da natsuwa, waɗanda ya dawo wa ba su kai 1 cikin 6 ba. Wannan ba ya nufin iyaye ne suka jawo ciwon. Abin da ya nuna shi ne, mai jinyar da ta gaji, ba ta san cewa rashin wankan nan ciwo ne ba taurin kai ba, dole bakinta ya yi zafi, zafin nan kuma ya koma kan yaron. Daga baya likita William McFarlane a Amurka ya tsara haɗa iyalai biyar zuwa takwas wuri ɗaya duk mako biyu, tare da ma'aikacin lafiya, kuma bincikensa na 1995 ya nuna dawowar ciwon ta fi raguwa ta wannan hanya fiye da ganin kowane iyali shi kaɗai. A nan Nijeriya ma, tun 1954 Dakta Adeoye Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowane da ɗan'uwan da ke kula da shi.

Namu zaman bai kai wannan tsari ba, amma ya ɗauki ƙashin bayansa. Ran Alhamis, da yake babu karatu, mata shida kan haɗu a aji bayan la'asar, duk mako biyu, tare da wata nas da ta yi ritaya. Sharaɗi na farko: abin da aka faɗa amana ne, ba ya fita ƙofa. Na biyu: babu wadda za ta ba wata maganin ɗanta, ko ta ce a daina shan wanda likita ya rubuta. Kowace takan faɗi yadda ta kwana, sannan a zaɓi matsala ɗaya a taru a kanta.

Wata rana matsalar ita ce saurayi da ya ƙi shan ƙwaya, yana cewa guba ce. Uwarsa ta ce dakawa take yi ta zuba masa a kunu. Nas ta ce, "Yaya, ranar da ya gane, ba zai ƙara cin abin hannunki ba, kin kuwa tabbatar masa da abin da yake zargi." Wata ta ce nata ɗan ƙin sha ya yi don wuyansa na sandarewa, hannunsa na rawa, kuma da aka faɗa wa likita ya gyara. Ta uku ta ambaci allurar da ake yi sau ɗaya a wata. Uwar nan shekara huɗu tana jinya ba ta taɓa jin akwai ta ba. Aka tsayar cewa za ta tambayi likita duka biyun, ta dawo da labari.

Sauran amfanin ƙanana ne a ido. Sun kafa adashi don kuɗin magani. Biyu sun roƙi a sa musu ranar asibiti ɗaya, suka riƙa raba kuɗin mota. Ɗaya ta riƙe wa ɗaya gida har ta samu ta kwana biyu a Shanga wajen auren ƙanwarta. Wadda take ɗaure ɗanta da mari don tsoron kada ya faɗa ruwa ta ji daga bakin 'yan'uwanta alamomin da ke riga tashin ciwo, kamar rashin barci na kwana biyu ko uku, da yawan magana shi kaɗai, ta koyi neman taimako tun kafin abin ya yi ƙarfi. Maganar aljanu da sammu takan taso, ni kuma abin da nake faɗa bai canzawa: ruƙiyya ta shari'a da addu'a alheri ne, neman magani kuma umarnin Annabi ne (SAW), ɗaya ba ya korar ɗaya. Duka da ƙona jiki da sunan fitar da iska kuwa zalunci ne.

Ban ce duk sun warke ba. Akwai wanda ya koma shan wiwi ciwon ya dawo sabo. Amma a wannan karon uwarsa ba ta kwana ita kaɗai ba.

Abin da ya rage mana shi ne maza. Har yau babu uba ko wa da ya nemi irin wannan zama, alhali su ne ake kira idan ana buƙatar ƙarfi ko kuɗi. Ya kai ɗan'uwana matashi, in akwai mai wannan larura a gidanku, karɓar wa mahaifiyarka dare ɗaya a mako. Ka san sunan maganinsa da ranar komawarsa asibiti. In yara na jifan wani a unguwarku, hana su. In kana da faɗa a ji a masallaci ko Islamiyya, ɗaki ɗaya da tabarma da ma'aikacin lafiya mai riƙon amana sun isa a fara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙarfafi masu jinyarsu, Ya sa wahalarsu ta zama kaffara da ɗaukaka. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.