Babin Ƙarshe Da Ba A Karantawa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana damuna.

Ni akawu ne a ofishin waɗansu injiniyoyi masu ba da shawara. Ba su gini da hannunsu. Su ne ke auna ƙasa, su zana aiki, su ƙiyasta kuɗi, kana su duba 'yan kwangila. Aikina in buga rahotonsu in ɗinke. Na lura duk rahoton da ya dawo mana daga wurin manya, babin gini ya sha hannu har ya yi dauɗa, amma babin ƙarshe, na gyara da kulawa, yana nan fari fat.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin Bur Sudan, inda kakana ya yi dako a hanyarsa ta zuwa Makka, kuma har yau da danginmu a can. Da, Sawakin ce tashar jiragen ruwan Sudan a bakin Bahar Maliya, amma mashigarta ƙunci gare ta, ga duwatsun murjani, manyan jirage ba su iya shiga. Sai injiniyoyi suka zaɓi wani wuri a arewa da ita mai zurfin ruwa, aka kai masa reluwe daga Atbara, aka buɗe sabuwar tasha a 1909. Jirage sun sami masauki, amma mutane fa? Ruwan teku ba ya kashe ƙishirwa, ruwan sama kuwa kaɗan ne. Dole aka jawo ruwan sha daga kwarin Arba'at, wajen kilomita 40 daga garin. A 2003 aka gina madatsa a kwarin. Kowace ambaliya kuwa da lakarta take zuwa, tana rage cikin madatsa a hankali.

Da yaƙi ya ɓarke a 2023, 'yan gudun hijira suka cika garin. A watan Agusta na 2024 aka yi ruwa mai yawa, madatsar ta fashe, ta share ƙauyuka, mutane da dama suka halaka, garin ya koma dogara ga motocin tanki da masu jakuna. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu.

To, jama'a, mu ma ba a rasa mu da irin wannan ba, ko mun manta da Alau da Maiduguri a watan Satumba na shekarar 2024? Ina roƙon malamai da akawuna 'yan'uwana, duk sa'ad da aka zo da zanen babban aiki, mu tambaya: wa zai kwashe laka, wa zai duba bango, da kuɗin wa? Rigakafi ya fi magani. Ni dai yanzu, in na ɗinke rahoto, sai in sa 'yar takarda a bakin babin ƙarshe, ko Allah ya sa a buɗe.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu, Zariya.