Kalangu Ba Ya Da Rasit

A ranar 17 ga Maris 2020 Firaministan Kamaru, Joseph Dion Ngute, ya sanar da matakan yaƙi da korona: a rufe iyakoki da makarantu, kuma kada mutum fiye da 50 su taru a wuri guda. Wannan na ƙarshen shi ya fi taɓa mu a Briqueterie, unguwar Hausawa ta Yawunde. A wurinmu mutum 50 ko dangin amarya ba su kai ba. Aka koma ɗaura aure da shaidu kaɗan, a raba goro da dabino a watse. Suna kuwa, a yanka rago a yi shiru.

Mako guda bayan haka, ranar 24 ga Maris, cutar ta kashe Manu Dibango a Faransa. Ƙasa ta yi jimami, kuma ya cancanta. Daga nan aka fara jin maganar halin da masu fasaha suka shiga. UNESCO ta ƙaddamar da shirinta na ResiliArt a watan Afrilu, Jamus ta ware yuro biliyan 1 don raya al'adu, a nan gida Shugaba Paul Biya ya buɗe asusun taimakon juna da sefa biliyan 1, daga baya aka yi wa yaƙi da cutar asusu na musamman na biliyan 180. Yadda aka kashe wannan kuɗi ya zama abin cece-kuce a 2021, bayan masu binciken kuɗi na Kotun Ƙoli sun duba littattafai. Shi ma gangamin neman tallafi da Maurice Kamto ya fara, hukuma ta ce ba bisa doka yake ba. Wannan rigimar manya ce. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk inda aka ce "mai fasaha" ana nufin wanda yake da faifai, da suna a rajistar SONACAM, da takardar ƙungiya da aka rubuta da Faransanci.

To ina makaɗin kalangu a cikin wannan lissafi? Ina zabiya da matan da ke kaɗa ƙwarya a gidan biki? Ina maroƙi, wanda jarinsa bai wuce muryarsa da sanin asalin kowane gida ba? Waɗannan albashinsu liƙi ne da tukuici. Ba wanda ya taɓa ba su rasit, balle su kai shi ma'aikatar al'adu su nuna asarar da suka yi. Ranar da aka hana taro, ranar aka rufe musu kasuwa, kuma ko ƙofar da za a ɗauki hotonta a rufe babu.

Da azumi ya kama a ƙarshen Afrilu muka zauna mu kaɗan, tela da mai suya da malamin makaranta da ni, muka ce a haɗa musu wani abu. Na ɗauka wahalar a tara kuɗin take. Tara kuɗi ba ya ba mutumin Kamaru wuya. Ƙasar adashe ce, ga Orange Money da MTN a aljihun kowa, ga 'yan'uwa a Duwala da Libreville da Faransa. Wahalar ta fito ta fuska biyu.

Ta farko, wani dattijo da muke ganin girmansa ya ce shi zakkarsa ba za ta shiga hannun makaɗi ba. Ba mu yi musu da shi ba, don watan bai dace da jayayya ba, amma har yau ina ganin yunwar gidan makaɗi iri ɗaya ce da ta gidan ladan, kuma 'ya'yansa ba su ne suka zaɓi sana'ar ba. Shi wannan dattijo, da za a aurar da 'yarsa ba kiɗa, da ya ji haushi.

Ta biyu ta fi nauyi. Tsohon makaɗin da muka fara kai wa shinkafa da mai ya karɓe mu da fara'a, ya ce, "'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Amma ni maroƙi ne, ba almajiri ba. Abin da nake karɓa, na yi aikinsa." Wanda bai san Hausa ba zai ce roƙo da bara duk ɗaya ne. Maroƙi yana ba ka suna a gaban jama'a, kai kuma ka biya shi. Ciniki ne, kowa ya tashi da mutuncinsa. Buhun da aka kawo da dare ba shi da wannan.

Mai suyan nan ne ya samo mafita, kuma daga tarihi ya ɗauko ta. Kalangu tun asali kiɗan mahauta ne. A ƙasar Hausa shi ke shelar cewa an yi yanka a kasuwa. Mahauta kuwa ba su daina aiki ba, mayankar Etoudi na ci, don annoba ba ta hana mutane cin nama. Ya zagaya abokan sana'arsa ya ce kowa ya ba da kafin alƙalami: wanda yake da biki ko suna a gaba ya biya makaɗi yanzu, a yi masa kiɗan in Allah ya kawo sauƙi. Aka rubuta sunaye a littafin makaranta mai layi. Tsohon ya karɓi wannan, har ya sa a karanta masa sunayen sau biyu don kada ya manta wanda yake binsa bashi.

Ba kowa wannan dabara ta riƙe ba. Matan ƙwarya sun samu kaɗan, domin iyayen gidansu mata ne, kuma cinikin abincin matan ya faɗi. Yaron tsohon, wanda ya kamata ya gaje shi, ya karɓi babur haya yana kabu-kabu tsakanin Mokolo da Tsinga. A watan Yuli 2020 aka sa hannu a sabuwar dokar ƙungiyoyin masu fasaha da al'adu, wadda ta ce a haɗu ƙungiya-ƙungiya a yi rajista. Mun kai wa tsohon labari. Ya tambaya ko a takardar akwai gurbin da ake rubuta sunan uban da ya koya maka kiɗa, muka ce sai dai lambar katin ɗan ƙasa da adireshi. Ya ce a bari sai yaron ya dawo da yamma, shi ya iya Faransanci.