Sunan da ake haya

Duk wanda ya taɓa kama rumfa a kasuwar Maigatari ya san kuɗin shiga dabam ne, kuɗin zama kuma dabam. Haka yake da sunan da mutum yakan yi wa sana'arsa a intanet, wato adireshin nan da ke ƙarewa da .com. Mutane sukan ce sun saya, amma haya ce. Kowace shekara sai an sake biya.

Ɗiyata ta fari tana sayen zoɓo da riɗi ran Alhamis, tana aika wa 'yan kasuwa a Kano da Legas. Bana ta so ta kama irin wannan suna domin baƙi su same ta. Tallar da ta gani ta ce shekarar fari kuɗin bai kai na zabo ɗaya ba. Ta ce, “Baba, ai araha ne.” Na ce, “Mu ƙidaya na shekara goma tukuna.”

Ga abin da muka tarar, mai karatu. Kamfanin Verisign na Amurka ne yake riƙe da dukan sunayen .com. Daga 2012 zuwa 2021 yana karɓar dala 7.85 a shekara daga hannun dillalai. A 2024 ya kai 10.26, dillali kuma zai ɗora nasa. Wannan ƙari bai firgita ni ba, gama kaɗan ne. Naira ce abin tsoro. A farkon 2023 dala ɗaya wajen naira 460 ce a banki, a 2024 kuwa ta haura 1,500. Sunan da hayarsa take ƙasa da naira 5,000 ya koma fiye da 15,000, alhali kuwa ko harafi ɗaya bai ƙaru a kansa ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi. Sa'ad da aka buga sunan a jikin buhu, masu saye suka saba da shi, barinsa ya zama da wuya. In wa'adi ya wuce ba a biya ba, akan ba da 'yan makonni, sa'an nan fansarsa sai da tara mai nauyi. Bayan haka kowa yana iya ɗauka, har da wanda zai karɓi kuɗin mutane da sunanka.

Sunayen da ke ƙarewa da .ng na ƙasarmu ne. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita take lura da su, da naira kuma ake biya. A ganina wanda cinikinsa na naira ne gara hayarsa ta zama ta naira.

Ɗiyata ta ɗauki .com.ng. Ta sa ranar sabuntawa ta faɗo bayan kaka, lokacin da kuɗin riɗi yake hannu, ta kuma rubuta ranar a bangon ɗaki kusa da ta biyan kuɗin makarantar yara.