Ɗan Ci-Rani Mai Fiffike A Inugu, Anaca Da Fatakwal

Duk wanda ya sauka a Garki ta Inugu, ko Kan Gada a Anaca, ko Diyobu a Fatakwal, zai tarar da Hausawa 'yan ci-rani, wasu na sayar da shanu, wasu albasa, wasu kuwa suna neman goro. Amma akwai wani baƙon da ya fi su nisan gida, ba kuwa a zango yake sauka ba, a kan itatuwa ne.

Shi wannan baƙo ɗan tsuntsu ne mai zaƙin murya, wanda masana ke kira Phylloscopus trochilus. Bayansa kore-kore ne, ƙirjinsa fatsi-fatsi, da ɗan layi a bisa ido kamar gira. Nauyinsa wajen giram 9, watau kamar ƙwayar sukari biyu.

Mahaifarsa kurmin Turai da arewacin Asiya. A can macen take saƙa sheƙa mai rufi a ƙasa, cikin ciyawa, ta zuba ƙwai 5 zuwa 7. Da sanyi ya gabato, ƙwarin da yake ci suka yi wuya, sai ya tara kitse a jiki ya zama guzurinsa, ya kamo hanya yana tafe da dare. Ya ƙetare Bahar Rum, ya ratsa Hamada, tafiyar wajen kilomita 2,000 ba abinci sosai. Wajen watan Satumba da Oktoba yake ɓullowa ƙasar Hausa, sa'an nan ya gangara Kudu, inda yake yini yana tsintar ƙwari a ƙarƙashin ganye. Wajen Maris ko Afrilu ya juya gida, lokacin da manoma 'yan ci-rani ke shirin komawa sharar gona.

To, ga inda gizo ke saƙa. Fatake in sun iso suna da mai masauki, shi kuwa tsuntsun nan itace ne masaukinsa, itace ne kasuwarsa. Garuruwan nan uku kullum faɗaɗa suke yi, ana sare itatuwa ana aza gini, a Arewa kuma gatarin masu gawayi bai huta ba. In ya rasa inda zai yi ƙiba kafin ya fuskanci Hamada, to a rairayi zai faɗi.

Wanda ya san zafin baƙunci shi ya kamata ya fara tausaya wa baƙo. Itace guda da aka bari a bakin masallaci ko gefen kara ya isa masauki.