Aïcha a Barnawa

Litinin, 2 ga Disamba
Yayan amarya ya zo da saƙo. Waƙar "Aïcha" take so mu yi ranar liyafa, tunda takwararta ce. Ba ta Khaled ba, ta Africando, mai kiɗan salsa. Na ce to. Sai da ya fita gabana ya faɗi.

Talata, 3
Hazo tun asuba. Wuni guda waƙar na kunnena. Jean-Jacques Goldman na Faransa ya rubuta, Khaled ɗan Aljeriya ya rera a 1996, cikin kundin Sahra. Saurayi na ta alkawarin zinariya da lu'ulu'u, yarinya ta ce ya riƙe kayansa, mutunci take nema. A 1998 Africando suka juye ta da harshen Wolof a kundinsu Baloba. Wanda bai san ta farkon ba zai rantse da salsa aka haife ta.

Alhamis, 5
Gwaji. Ba wuta, janareta ya ƙi tashi. Mai ganga bai iso daga Sabon Tasha ba sai dab da magariba. Ko kaɗan ba mu taɓa ba.

Asabar, 7
Yau kam alhamdulillahi. Duk sirrin salsa na wurin wasu sanduna biyu da ake bugawa: bugu uku, ɗan numfashi, bugu biyu. Fiyanona na ta riga su, ina ja da baya. Mai ganga ya saurara, ya ajiye sandunan ya ɗauki kalangu, ya ce, "Maigida, ai hannuna ya san wannan." Tsikar jikina ta tashi. Kiɗan da bayi suka tsallaka teku da shi zuwa Kuba. Boncana Maïga, mutumin Gao, ya je Habana ya karanto shi, shi da Ibrahima Sylla suka haɗa mawaƙan Senegal da makaɗan New York, aka sami Africando. Ga shi yau a wani ɗaki kudu da kogin Kaduna, bai yi mana baƙunta ba.

Lahadi, 8
Mai waƙarmu ba ta jin Wolof. Ta ce ba za ta rera abin da ba ta sani ba a gaban iyaye. Tana da gaskiya.

Talata, 10
Mai busa ƙaho shiru, wayarsa a kashe. Salsa ba ƙaho, miya ba gishiri. An ce akwai wani a Kakuri. Gobe da sassafe, in Allah ya kai mu. Biki Asabar.