Hanya lamba ɗaya: daga ina godoron namu ya samo asali?

Yau ina so mu yi hira a kan abin da kusan kowanenmu ya taɓa takawa, wato babbar hanyar ƙasa lamba ɗaya, wadda a takarda ake rubuta RN1, mu kuwa muke ce mata godoro kawai. In mutum ya ce maka gidansu na bakin godoro, ba ka tambayarsa wane godoro. A yawancin garuruwan da ke kanta, guda ɗaya ne tak.

Bari mu fara bin ta tukuna. Ta taso daga iyakar Mali, ta biyo gaɓar kogin Isa ta Ayoru da Tilaberi ta shigo Yamai. Daga Yamai sai ta miƙe gabas: Kure mai raƙuman dawa, Birnin Gaure, Doso a wajen kilomita 140, Dogon Dutsi, sai Birnin Ƙonni a wajen kilomita 420. Gaba kaɗan, a Tsarnawa, ƴan Tawa da Agadas suke rabuwa da mu su yi arewa. Mu kuma mu wuce Malbaza mai siminti, Galmi mai albasa, Madawa mai tabarmi, Gidan Rumji, Tsibiri, mu iso Maraɗi a wajen kilomita 660. Daga nan Cadawa, Agye da Gazawa, ƙasar aya da gero, sai Tasawa, Maijirgi, Takeita, Tirmini, mu shiga Damagaram a wajen kilomita 900. Wanda tafiyarsa ba ta ƙare ba sai ya bi Mirya, Gidimuni, Gure, Gudumariya inda rairayi ke hawa kan kwalta, Maine Sorowa, Difa, har Ngigmi, wajen kilomita 1,500 daga Yamai.

Ni a wani ƙauye tsakanin Gazawa da Tasawa na tashi, kuma a tagar mota na fara gane fasalin ƙasarmu tun kafin mushe ya nuna mana taswira a lakwal. Amma ran da na ga taswirar, wani abu ya ɗaure mini kai. Hanyar ta kwanta ne daga yamma zuwa gabas, tana rakiyar iyakar Najeriya kamar jela da saniya. Alhali danginmu, kasuwanninmu da malamanmu duk kudu suke. Gwaggona a Katsina take aure. Ƴan Ƙonni Illela da Sakkwato suke kallo, ƴan Damagaram kuma Daura da Kano. To mi ya sa babbar hanyarmu ta gitta waɗannan hanyoyi, maimakon ta bi su?

Kafin zuwan Nasara, manyan hanyoyin ƙasar nan daga arewa suke gangarowa kudu. Ayarin raƙuma ya taso daga Agadas ya ratsa Damargu da Damagaram ya sauka Kano, da gishirin Bilma da dabino, ya koma da hatsi da tufafi. Sarautar Maraɗi kanta sarakunan Katsina ne da suka baro birninsu lokacin jihadi suka kafa ta, Tsibiri kuma Gobirawa. A wancan zamani, ba wani fatake da zai ɗaura kaya a Damagaram ya ce Yamai ya nufa, don Yamai ƙauye ce a bakin kogi.

Abin ya sauya ne a kan teburin Turawa. A 1898 Faransa da Ingila suka yi yarjejeniyar raba wannan yanki. Ingila ta sa tsinke a Sakkwato ta zana da'ira mai nisan mil 100, wajen kilomita 160, ta ce duk abin da ke ciki nata ne. Wannan ya bar wa Faransawa hanya ɗaya daga kogi zuwa Damagaram: su kewaya ta arewa, ta wajen Filinge da Tawa, inda rijiyoyi ke nesa da juna, dabbobi na mutuwa da ƙishirwa. Suka yi ta kuka har aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo iyakar kudu, don su samu hanya mai ruwa daga kogin Isa zuwa tafkin Cadi. Ta haka Dogon Dutsi, Ƙonni, Tsibiri da Maraɗi suka tabbata a ɓangaren Faransa. Ku lura da wannan da kyau: saboda hanyar aka gyara iyakar. Da Nasara bai buƙaci rijiyoyin kakanninmu ba, da wataƙila yau wata takardar ɗan ƙasa ce a aljihun ɗan Maraɗi.

Kuma tun kafin a gama wannan ciniki, jini ya riga ya zuba a kan layin. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogi ta nufi gabas tana ƙone garuruwa. A watan Afrilu ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, cikin ƙasar Arewa. A watan Mayu ta afka wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau ba a manta ba. A watan Yuli, bayan Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, sojojinsu suka juya musu suka kashe su a yankin Maijirgi, kuma kaburburansu na can. Sauran rundunar ta ci gaba, ta yi yaƙi da dakarun Sarki Amadu Kuren Daga a Tirmini, ta shiga Damagaram a ƙarshen wannan wata. Ƙonni, Maijirgi, Tirmini: duk sunayen da karen mota ke kira ne a tasha. Sau nawa muka wuce Maijirgi muna barci, ko muna cinikin gyaɗa ta taga, ba mu san abin da ƙasar wurin ta gani ba?

Damagaram ce ta riƙe babban birnin mulkin mallaka daga 1911, sai a 1926 aka mai da shi Yamai. Daga ran nan duk takarda, duk haraji, duk umurnin gwamna sai ya bi wannan layi. Hanyar mota ta farko kuwa ba injin ne ya yi ta ba. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin yadda ake zuwa wurin mai gari a ce ya ba da mutum kaza, a tafi da su aikin hanya. Su sare itace, su haƙo jar ƙasa, su ɗauko ta a kwando bisa kai, su daɓe da hannu, ba ko dala, abinci ma sai wanda aka kawo maka daga gida. Ya ce da yawa daga samarin garinsu gudu suka yi suka tsallaka ƙasar Ingilishi saboda wannan aiki. Sai a 1946 aka yi dokar da ta hana aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Shi ya sa har ya rasu, in ya ga mota ta wuce, yakan ce da guminsu take gudu.

Ko bayan an yi hanyar, kasuwa ba ta daina kallon kudu ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kuma gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta can take fita zuwa teku, don ya fi kusa, ya fi araha. A 1953 Faransawa suka ƙirƙiro wani tsari da suka kira Hirondelle: manyan motoci su hauro da kaya daga Paraku, su koma da gyaɗa ta Doso da Gaya zuwa Kwatano. Nufinsu arzikin gabas ya bi ta yamma, ya zauna cikin ƙasashen da ke hannunsu.

Da aka samu ƴancin kai a 1960, sabuwar gwamnati ta gaji ƙasa mai faɗi wadda gabashinta bai san yammacinta ba. Mutumin Ngigmi ya fi sanin Maiduguri da Yamai nesa ba kusa ba. A zamanin Diori Hamani, farkon shekarun 1970, aka shimfiɗa kwalta daga Gure zuwa Ngigmi da taimakon ƙasar Kanada, aka sa mata suna hanyar haɗin kai. Sunan ya dace, kuma daga baya ya bi hanyar gaba ɗaya.

A nan ne nake ganin labarin ya juya. Hanyar da aka zana don sojan Nasara, aka gina da wuyan talaka, mu muka mai da ita tamu. Garuruwa sun jawo jiki sun dawo bakinta. Albasar Galmi da tattasan Difa ta kanta suke isa kasuwannin Yamai. Kafin a buɗe jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram a 2010, kusan duk ɗan gabas da ya ci bak ta kanta ya tafi karatu Yamai, da ƙullin garin rogo da ƙuli-ƙuli a jaka. A cikin motar nan ne na fara zama kusa da Bazabarme da Babarbare da Buzu, muka ci tuwo a kwano ɗaya a Ƙonni, muka yi sahu ɗaya a bakin hanya. Aure nawa aka ƙulla, abota nawa, ta dalilin kujera ɗaya a doguwar tafiya? Kuma da rikicin Boko Haram ya shigo jihar Difa a 2015, dubban mutanen da suka baro bakin Komadugu da tafkin Cadi a gefen godoron nan suka kafa bukkokinsu, don nan ne jami'an tsaro ke wucewa, nan ne taimako ke iya iske su. Wanda ya rasa gida, hanya ya nufa.

Sai dai fa duk wannan nauyi a kan zare ɗaya yake rataye. Mun gani a watan Agustan 2024, da ruwa ya yanke hanyar a Sorey, ƙofar Yamai. Motoci suka yi jerin gwano ta kowane gefe, har da tankokin man da ke tasowa daga matatar Damagaram, wadda ke aiki tun 2011. Wuri ɗaya ya karye, ƙasa duka ta ji a jikinta. Mun kuma gani lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. In ƙofofin kudu suka rufe, Ɗan Isa da Ƙonni da Magariya suka yi tsit, komai sai ya dawo kan godoro. Ga layin dogo an shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, an gama a 2016, yana kwance a gefen hanya bai ɗauke mata ko buhu ɗaya ba.

Abin da ke cin hanyar kuma ba ɓoyayye ba ne. Dokar ƙasashen UEMOA ta 2005 ta ƙayyade tan 11.5 a kan gatari guda na babbar mota. Masana aikin hanya sun ce in nauyin gatari ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan kai ninki 16. Wato kamyo ɗaya da aka yi wa lodin wuce ƙa'ida ya fi ɗaruruwan ƙananan motoci lahani. Mai kaya ya ci ribar tafiya ɗaya, mu kuma mu biya da ramuka, da fashewar taya, da mai naƙuda da ake jijjigawa a hanyar asibiti. Ga gudun wuce sa'a a tsakiyar garuruwa ranar kasuwa, ga direban da ya kwana bai runtsa ba. Ƙanin abokina a haka ya tafi, yana tsallaka godoro da amalanken shanu da magariba. Da wuya ka samu gida a bakin hanyar nan da ba shi da irin wannan labari.

Don haka roƙona kaɗan ne. Ga hukuma: kuɗin da ake karɓa a shingayen biyan kuɗin hanya a gan su a kan hanya, a gyara gadoji da magudanan ruwa tun da rani, kada a jira damina ta tona asiri. A riƙe ma'aunin nauyi da gaskiya, ba sani ba sabo. A kuma kula da hanyoyin kudu da na arewa, Maraɗi zuwa Ɗan Isa, Takeita zuwa Matamai, Tsarnawa zuwa Tawa, don su ne tsoffin jijiyoyin ƙasar, kuma su ke rage wa godoro kaya. Ga direbobi da masu motoci: rai ya fi lodi. Ga mu iyaye da malamai kuma: in mota ta tsaya a Ƙonni, ko ta ratsa Maijirgi da Tirmini, mu tada yaran daga barci mu gaya musu inda suke. Ya kamata a ce akwai allo a waɗannan wurare, da Hausa da Faransanci, mai faɗin abin da ya faru a 1899.

Na san a cikinku akwai waɗanda kakanninsu suka yi aikin hanyar nan, da tsoffin direbobin da suka san ta tun tana jar ƙasa. Ku tambaye su tun suna raye, ku rubuto mana abin da suka ce, garin da shekarar in sun tuna. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a kanta, ya kiyaye matafiya, ya sauke kowa gida lafiya.